Yaron da Casilda Ke Jira

A garinmu ba wanda ke ce wa ɗansa niño. Churre muke cewa, ko mai tsabta ne ko mai majina har baki. Niño kalmar manyan gidaje ce, da ita 'yan aiki ke kiran 'ya'yan uwargida a birnin Piura, suna sunkuyar da kai. Casilda Periche ta yi aikatau a irin gidajen nan tana budurwa, ta dawo mana da abu biyu, takalmi mai tsini da wannan kalma. Takalmin bai yi taku uku a rairayinmu ba ya nutse. Kalmar kuwa ta zauna daram.

Da ta haifi Nicanor sai muka shiga uku. "Niño, zo ka ci abinci." "Niño, kada ka taɓa kifin nan, ƙarni gare shi." Ɗan masunci, jikan masunci, wai kada ya taɓa kifi! Matan unguwa muka yi dariya har da riƙe ciki. Ni na fi kowa, don ni ke sayar da chicha, giyarmu ta masara, kuma duk inda ka ga farin ƙyalle a kan sanda a ƙofar gida ka san akwai abin sha a ciki, akwai kuma labarin mutane. Sunan ya bi yaron. Ya yi gemu, ya yi ƙirji kamar ƙofar coci, yana ɗaga injin jirgi shi kaɗai, amma har gobe Niño ake ce masa, shi kuma yana amsawa.

Bayansa ta haifi mace, Hermelinda. Ni na riƙe ta a coci ranar baftisma, shi ya sa take ce mini madrina, ni da uwarta kuma muke ce wa juna comadre. Ita Hermelinda ko churre ba ta samu ba. "Ke" ake ce mata. Ke, ɗebo ruwa. Ke, wanke wa niño rigarsa.

To akwai ɗaya Niñon, wanda ya girmi na Casilda, ya girmi kakannin kakanninmu. Tekunmu mai sanyi ne, ko da rana tsaka ka tsoma ƙafa sai ka ji har cikin haƙori, kuma sanyin nan shi ke riƙe mana kifi. Sai wajen Kirsimeti wani ruwan ɗumi ya gangaro daga arewa, shi ne tsofaffi suka raɗa masa suna Niño, wato Jariri Yesu. Yawancin shekaru baƙo ne mai kunya, ya gaisa ya wuce. Wata shekarar kuwa sai ya zo ya baje kaya. Kifi ya gudu, sama ta ɓare a ƙasar da sai a shekara ba a ga ɗigo ba.

A irin wannan shekarar Nicanor ya tafi. Kifi ya ƙaurace wa bakin gaɓa, jirage suka riƙa nausawa can ciki suna neman inda ruwa ke da sauran sanyi. Shi da abokan aikinsa suka nausa fiye da kowa. Ko filafili ɗaya teku bai maido ba.

Sauran iyalan suka yi abin da ake yi in babu gawa. Suka shimfiɗa tufafin mamatan a kan tebur, wando a ƙasa, riga a sama, hula a wurin kai, aka kunna kyandir aka yi makoki a kansu, aka kai su maƙabarta. Da muka je karɓar na Nicanor, Casilda ta zauna a kan akwatin.

"In kun binne masa kaya, me zai sa in ya dawo?"

Ba ta sa baƙin kayan makoki ba ko na yini ɗaya. Shuɗiyar riga ta ci gaba da sawa. Kuma tun daga ranar ba ta ƙara kulle ƙofarta ba, dare da rana, wai kada ya iso ya tsaya a waje kamar baƙo. Mijinta ya mutu, Hermelinda ta ƙi maza biyu na kirki saboda ba mai kula da tsohuwa, gashinta ya fara furfura a ɗakin uwarta. Casilda kuwa hankalinta ya riƙa zuwa yana tafiya kamar igiyar ruwa. Za ta faɗa maka wanda ya saci agwagwar wa tun zamanin da muke 'yan mata, amma ba ta san ko ta karya kumallo ba.

Gidansu yana bakin Busasshen Kogi, daidai inda yake shiga teku in da ruwa. Duk mun yi gini a wurin, don ƙasar a shimfiɗe take kuma kogin sai ya yi shekaru bai tuna shi kogi ba ne. A ambaliyar shekarar Nicanor ruwa ya bi ɗaya gefen ya bar gidan Casilda tsaye, shi ke nan ta samu abin faɗi. "Ruwa ya san gidana."

Bara waccan ofishin masu binciken teku ya turo mana wata yarinya, Maritza Otoya, siririya da hula mai faɗi. Kowace safiya sai ta je ƙarshen gadar da jirage ke ɗaurewa, ta zura bokiti da igiya, ta jawo ruwa, ta tsoma ma'aunin zafi irin na asibiti amma dogo. Muka sa mata Mai Bokiti. An ce wai ba ruwan take zuwa dubawa ba, mai gadin gadar take dubawa. Ban san wa ya ƙago ba. A ɗakina dai aka fara jin zancen, kuma ranar muryata kaɗai ke tashi.

Yarinyar ba ta da girman kai, takan shigo ta ci ɗanyen kifi da lemun tsami tare da masunta. Wata rana, bara kafin Kirsimeti, ta shigo fuska ba walwala. Tsoho Teodomiro Eca, wanda ƙafarsa ta hana shi fita teku amma ba ta hana shi zuwa wurina ba, ya ɗaga mata ƙoƙo.

"Injiniya, yaya majinyacin naki? Ya kwana lafiya?"

"Zazzaɓin ya ƙaru, Don Teodomiro."

"To ki jefa masa ƙwaya mana. Ko a kira masa Eufemia ta zauna kusa da shi, duk namijin da ta zauna kusa da shi sai jikinsa ya yi sanyi."

Na ce, "Kai naka tun kafin in zauna ya mutu, tsohon banza."

Aka yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa. Sai ta nuna babbar tukunyata da ke kan murhu.

"Doña Eufemia, in kin sauke wannan daga wuta, yaushe take hucewa?"

"Sai ta kwana. Da safe ma in ka taɓa gindinta da saura."

"To teku ita ce tukunyar duniya. Hayaƙin motoci da masana'antu na ko'ina ya taru a sama ya zama kamar bargo. Zafin rana na shigowa, ba ya samun fita duka. Mafi yawan zafin da ya maƙale teku ke haɗiye shi. Ba ya tafasa, ba ya kuka, ajiyewa kawai yake yi, har can ƙasa inda taru ba ya kai."

Teodomiro ya ce, "Haba 'yata. Niño tun ba a ƙera mota ba yake zuwa. Kakana ya ba ni labarin nasa."

"Gaskiyarka, ba mota ta haife shi ba. Amma na kakanka a kan ruwan sanyi ya sauka. Na yanzu tukunya yake tararwa da ɗuminta, ya ɗora nasa a kai. Ruwa in ya yi ɗumi tururi yake, tururin ya hau duwatsu ya zama hadari, hadarin ya dawo muku ta kogi."

"Ke nan kullum zai riƙa zuwa?"

"Wannan har yanzu manyanmu na gardama a kai. Ni abin da bokitina ya faɗa shi na sani."

Ba wanda ya ƙara tsokana. Mun riga mun ga kwasakwasa sun bar teku sun shigo kasuwa suna bin mata da baki buɗe, ƙasusuwan ƙirji a waje. Mun ga karnukan teku a mace a bakin gaɓa, sun kumbura, warin har cikin miya. Taru kuma yana fitowa da wasu kifayen arewa masu launi da ba mu saba gani ba, namu na gida ko ɗaya.

Ran Lahadi bayan an fito coci, Fada ya ce kowa ya tsaya, injiniya na da magana. Ta hau benci a farfajiya. Ba ta san Casilda ba, ina za ta san ta? Tsohuwa ce dai cikin tsofaffi, da shuɗiyar riga, 'yarta na riƙe da hannunta.

"Jama'a, Niño na zuwa. Ba irin na kowace shekara ba. Wannan karon ya girma ƙwarai. Duk wanda ke bakin Busasshen Kogi ya fara shiri."

Sai na ga Casilda ta zame hannunta ta matsa gaba. Na san fuskar nan, ita take yi in an ce jirgi ya shigo.

"'Yar nan, kin gan shi?"

"Ina ganin alamunsa kullum da safe, doña."

"Yana da nisa?"

"Ya kusa. Yana can arewa, yana gangarowa ta bakin gaɓa."

"Arewa." Casilda ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ashe arewa ya yi. Ku kuna ta cewa ƙasan ruwa." Ta koma ga yarinyar. "Lafiyarsa ƙalau dai?"

Maritza ta ɗauka irin barkwancinmu ne.

"Da ƙarfinsa, doña. Fiye da yadda muke so."

Wasu samari a baya suka fashe da dariya, iyayensu suka harare su suka haɗiye. Hermelinda ta kama uwarta ta ja ta, kanta a ƙasa. Casilda kuwa tana tafe tana gaisawa da mutane kamar uwar ango.

Washegari ta sa aka shafe gaban gidan da farar ƙasa. Ta fito da tufafin Nicanor ta shanya, ta goge su da dutsen guga na gawayi. Ta ware kaza ɗaya tana ba ta masara ita kaɗai. Da yamma sai ga ta a wurina.

"Comadre, ki ware mini tulu guda mai kyau. Ba irin wanda kike tsarma wa ruwa ba."

"Ni? Tsarma ruwa? Wa ya ce?"

"Duk gari. Har Fada ya sani, don dai ba ya son ya kunyata ki ne a wa'azi."

Na zaunar da ita na zuba mata kaɗan. Ni da bakina bai taɓa rasa magana ba, sai da na juya harshe sau da yawa.

"Comadre Casilda, wannan da yarinyar ke faɗa, ai kin san shi. Na ruwa ne. Wanda ke zuwa da Kirsimeti."

"Na sani mana. Ta ruwa zai zo. Ai ta ruwa ya tafi."

"Ba mutum ba ne, comadre."

"Ku dama ba ku taɓa ɗaukarsa mutum ba. Tun yana goye kuke masa dariya, ke ce ma shugabarsu." Ta shanye ta ajiye ƙoƙon. "Kuma wannan ma da ruwa a ciki."

Hermelinda ta je ta samu Maritza a kan gada ta faɗa mata komai. Yarinyar ta zo gidan da kanta, idanu jajur, ta durƙusa gaban tsohuwa tana ta bayani, ruwan ɗumi, iska, sunan da masunta suka sa. Casilda ta saurara har ƙarshe, ta ba ta kofi, ta shafa mata kumatu.

"Kina da miji?"

"A'a, doña."

"Kada ki yi gaggawa. In ya iso zan haɗa ku. Yana son masu karatu."

Aka shiga sabuwar shekara, zafi ya sauko irin wanda bango ke gumi. Ruwan farko ya zo, kwanukan rufinmu da ba a yi su don ruwa ba suka riƙa zuba kamar rariya. Gyare ya cika gari, a gado, a tukunya, a cikin takalmi. Bayansa sauro, bayan sauro zazzaɓin nan mai karya ƙashi. Hamada ta yi kore shar, abin sha'awa in ba ka san me ke tafe ba. Hukuma ta ce duk na bakin kogi su hau makarantar kan tudu. Muka kwashe, ni da tukwanena da farin ƙyallena. Unguwa ta zama kango, saura gida ɗaya mai sabon farin fenti da ƙofa a buɗe.

Na sauko taya Hermelinda lallashi, don haka a gabana aka yi. Ta roƙa, ta yi kuka, ta ce kogi zai zo. Uwar ta ce ruwa ya san gidanta. Daga nan sai Hermelinda ta miƙe tsaye, muryarta ta canza.

"Mama, Nicanor ya mutu. Ya mutu tun ina budurwa. Kifi ya cinye shi, mu kuma mun cinye kifin. Ba wanda ke zuwa."

Marin da Casilda ta yi mata, ban san akwai sauran wannan ƙarfi a hannun ba.

"Ke dama baƙin ciki kike masa tun kina ƙarama. Fita ki bi su. Wa ya riƙe ki?"

Hermelinda ta fita bayan gida, na bi ta. Ta tsaya tana kallon kazar nan mai ƙiba. Na ce ta bari in kira maza a ɗauki tsohuwa a kan kujera, ta ce an gwada da wata a unguwar gabas, ta ciji mutum ta koma da ƙafarta. Ta wanke fuska ta koma ciki, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwarta kamar ba a yi komai ba.

"Mama, ki yi haƙuri, zafi ne ya taɓa ni. Injiniya ta ce igiyar ruwa ta yi ƙarfi, jirgi ba zai iya tsayawa a gada ba. Duk wanda ya iso, kan tudu ake kai shi. Kuma daga can ana hango teku har ƙarshensa. Ke za ki fara ganinsa kafin kowa."

Casilda ta waiwayo ta dube ni.

"Kafin Eufemia?"

"Kafin madrina ma."

"To ɗauko akwatinsa. Da kazar."

Haka muka hau, tsohuwa a gaba tana takawa da sanda, ni da kaza a hammata. Hermelinda ta ce ta manta wani abu ta koma. Abin da ta koma yi shi ne ta ja ƙofar nan ta sa kwado, don ɓarayi sun fara bin gidajen da aka bari suna cire har tagogi. Ta rataye makullin a wuya da zare, ta tura shi cikin riga. Kowa a wurinta haka zai yi.

A makarantar muka zauna aji ɗaya, iyali da yawa, an raba da zannuwa. Casilda ta sa aka ajiye mata kujera a bakin tudu. Tun safe har rana ta faɗi tana kallon teku, hannu a goshi. Ba ta damun kowa. Har ƙiba ta fara yi.

Sai zazzaɓin ya kama Hermelinda. Duk da haka ta tashi da safe ta durƙusa tana wanke wa uwarta ƙafa, tana rawar sanyi. Da ta sunkuya, makullin ya zamo daga cikin rigar yana lilo. Ina wurin. Na ga idon Casilda ya sauka a kansa ya tsaya.

"Ke, wannan na mene ne?"

"Na akwati ne, Mama."

"Akwatin ba shi da kwado."

Hermelinda ta koma ta kwanta, zazzaɓin ya danne ta har ba ta san inda take ba.

Ranar kuwa rana ce tas, ko gajimare babu a kanmu. Sai can gabas, kan duwatsu, inda sama ta yi baƙi ƙirin tun hantsi. Bayan azahar muna zaune ƙarƙashin inuwar aji da mata, ana tsefe kai ana tattauna cikin wata da mijinta ya yi wata da watanni a kudu, sai na waiga na ga kujerar bakin tudu babu kowa. Na tashi na leƙa. Shuɗiyar riga ta riga ta kai rabin gangara. An ce daga baya an ga zaren a yanke a wuyan Hermelinda, da wuƙar gyaran kifi a gefen tabarma.

"Comadre! Ina za ki?"

Ta juyo ta ɗaga mini makullin.

"Ta kulle masa ƙofa! Zan buɗe in dawo!"

"Dawo a aiki wani! Comadre!"

Ta ci gaba da tafiya. Na kurma ihu. Mazan duk suna gada suna jan jirage sama, ba kowa sai Teodomiro. Ya jefar da ƙoƙonsa ya bi ta yana jan ƙafa yana kiran sunanta. Ni ma na fara sauka, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ban yi nisa ba na ji shi.

Kamar manyan motoci da yawa sun taho a jere. Ƙasa tana rawa ƙarƙashin tafin ƙafa. Karnuka suka fara gudu suna hawowa. Teodomiro ya tsaya cak a gindin tudu, ya kama wata bishiya.

Daga inda nake ina ganin komai. Ta isa, ta buɗe kwadon, ta tura ƙofar har bango. Ta shiga ta fito da tsintsiya, ta share dokin ƙofa. Sannan ta gyara ɗankwalinta ta tsaya a bakin ƙofar, fuskarta ga teku, hannu a goshi.

Ta gaba take jiransa. Ta baya ya zo.

Ba ruwa ba ne irin wanda aka sani. Laka ce mai tsayin gida, ja, tana tafe da itatuwa da saiwoyinsu a sama, da awaki, da kwanon rufi, da rabin wata gada daga garin da ke sama da mu. Ta shiga unguwarmu gida gida. Nawa ya tafi ina kallo, ban ma ji komai ba. Farin bangon Casilda ya ɗan tsaya, har na ce ko gaskiyarta ne ruwa ya san shi. Sai ya kwanta a hankali. Shuɗin ya bayyana sau ɗaya a cikin jan, can wajen bakin teku.

Teku ya yi kwanaki yana ja kamar an yanka shanu a ciki. Maza suka bi gaɓa kudu da arewa, suka tono laka da hannu. An samu awaki, an samu ƙofar, da kwadon a buɗe yana rataye. Ita ba a same ta ba.

Da Hermelinda ta iya tsayuwa, sai ta ce a haɗa tebura biyu na 'yan makaranta. Ta buɗe akwatin. Ta shimfiɗa wandon Nicanor da rigarsa, a goge tsaf, har da karin guga, ta sa hularsa a wurin kai. A gefe ta shimfiɗa ɗaya shuɗiyar rigar uwarta. Can ƙasan akwatin, a naɗe cikin jarida, sai ga takalmin nan mai tsini, fatar ta tsage amma ko ƙura babu. Ta ajiye shi a wurin ƙafa. Aka yanka kazar aka ciyar da masu makoki. Ni na kawo tulun da aka ce in ware, kuma Allah ya sani ko ɗigon ruwa ban sa ba.

Maritza ta zo ta tsaya a bakin ƙofar aji, hularta a hannu, ta kasa shigowa. Hermelinda ta ɗago ta gan ta.

"Shigo, injiniya. Ba ki yi mata ƙarya ba. Kin ce zai zo, ya zo."

Yarinyar ta shigo ta zauna a ƙasa tana kuka, Teodomiro na bubbuga mata kafaɗa. Hermelinda ba ta yi kuka ba. Ta zauna kusa da ni tana kallon kayan nan biyu a jere, kyandir na narkewa a tsakaninsu.

"Madrina, kin gani ko? Ni na yi mata wanka. Ni na ba ta abinci a baki, shekara da shekaru. Shi sau ɗaya ya zo, ta bi shi."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Waɗanda suka san ni za su ce wannan ma abin a rubuta ne.

Yanzu a kan tudu muke, cikin ɗakunan tabarma da leda. Hermelinda tana taya ni dafa chicha, tana kwana a ɗakina. Duk dare sai ta tashi ta taɓa ƙofa ta tabbatar ba a kulle ba, ni kuma ina yin kamar barci nake. A gabanta ba mai faɗin sunan nan, ko rediyo ya fara sai wani ya murɗe shi. Ruwan ɗumi muke cewa.

Kwanan baya na lallaɓa har ƙarshen gada, lokacin da iskar kudu ta dawo, watan da a da masunta ke sa rigar sanyi biyu. Maritza na jawo bokitinta.

"Mai Bokiti, ya tafi?"

"Ya tafi, Doña Eufemia."

"To kifinmu fa? Ban ga ya dawo ba."

Ta ajiye bokitin a gabana ta ce in sa hannu. Na naɗe hannun riga na tsoma har gwiwar hannu, ina jiran sanyin nan da ke kai wa haƙori. Na jira. Ruwan kamar wanda aka gama yi wa jariri wanka aka manta ba a zubar ba.